Katakon Bango Ya Yi Baƙi Cikin Damina Ɗaya: Ta Ina Ruwan Ya Shiga?

Wata Hajiya ce ta rubuto daga unguwar Bamyanga a Ngaundere. Ta gina ɗakin baƙi da bulo, ta sa aka lulluɓe bangon ta waje da farin katako don kyau da kuma rage zafi. Ɗanta da ke aiki a Faransa ya ce a manna leda a jikin bulon, a ɗora audugar gilashi, wato abin nan mai kama da auduga da ake sawa don tare zafi, sannan a buga katako a kai, haka kuwa kafinta ya yi. Damina ɗaya kacal, katakan ƙasa sun yi baƙi, wasu sun kumbura sun ture ƙusa, ɗakin kuma yana warin fumfuna duk da na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki dare da rana. Saura ɗakuna uku ba a lulluɓe ba. Tana tambaya: laifin katako ne ko na kafinta, kuma yaya za a yi da sauran?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a gama lafiya. Ki dakata da sallamar kafinta tukuna, don abin da aka ce ya yi shi ya yi. Ɗan naki ma bai yi ƙarya ba, a inda yake haka ake yi. Sai dai an ɗauko tsarin ginin ƙasar sanyi an dasa shi a tudun Adamawa, kuma ko a tsarin nasu ma an tsallake abin da ya fi komai muhimmanci, wato ratar iska tsakanin katako da abin da ke bayansa. Duk katakon da aka buga a waje sai ya jiƙe, ko da na iroko ne, ko da an yi masa fenti shafi biyar. Jiƙewar ba ta cika yi masa illa ba in dai zai bushe kafin wani ruwan ya sauko. Naki bangon kuwa an haɗa shi ta yadda ruwa zai shiga ya rasa hanyar fita.

Mu fara da yawan ruwan da ake magana a kai, don mutane ba sa ƙiyasta shi daidai. Ngaundere tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara, yawanci daga Afrilu zuwa Oktoba. Wato kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar lita 1,500. Ɗaki da barandarsa mai rufin murabba'in mita 50 zai zubar da lita 75,000 a damina guda, duro 375 ke nan. In babu magudana a bakin kwano, duk wannan a gindin bango yake sauka, ya daki jar ƙasa ya fantsalo sama. Ki fita ki duba bangon da kanki. Ina kyautata zaton baƙin ya fi yawa daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, da ɗigo-ɗigon jar laka a jikinsa, kuma bangon gabas ya fi sauran lalacewa, don hadarin da ke zuwa da iska mai ƙarfi daga gabas yake tasowa, yana watsa ruwa a kwance. Ruwan da iska ta turo haka yana kutsawa ta haɗin katako, ta ramin ƙusa, ta gefen taga. In ya shiga sai ya tarar da auduga manne da bayan katakon, ta tsotse shi ta riƙe. Ta ciki leda ta tare shi, ta waje fenti ya tare shi. Haka katakon zai kwana da laima a bayansa wata da watanni.

Ƙa'idar da masu aikin katako suka sani ita ce, muddin ruwan da ke cikin katako bai wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa busasshe ba, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi ba sa samun wurin zama. Ko a tsakiyar Agusta, katakon da ke shan iska a inuwa yakan tsaya ne a wajen kashi 16 zuwa 18. Kin ga tazarar da ke tsakanin wannan da kashi 20 ba ta da yawa. Ɗan ƙarin laima daga audugar da ta jiƙe ya isa ya tsallakar da shi.

Yanzu batun ledar, wanda shi ne ya fi rikita mutane. A Faransa lokacin sanyi, cikin gida akwai ɗumi da tururin girki da wanka da numfashi, waje kuwa ƙanƙara. Tururi yana neman fita ta cikin bango, in ya kai inda ya yi sanyi sai ya koma ruwa. Shi ya sa suke sa leda ta ɓangaren ciki, wato ɓangaren da ya fi ɗumi, ta tare shi tun kafin ya shiga bangon. Mu a nan, da zarar an kunna na'urar sanyaya ɗaki a damina, lissafin ya juye: waje ne mai ɗumi da danshi, ciki ne mai sanyi. Kin san yadda kwalbar lemo take yin gumi in an fito da ita daga firiji? Ba daga cikin kwalbar ruwan ya fito ba, iskar da ta taɓa ta ce ta sauke abin da ta ɗauko. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar wajen giram 30 na ruwa a kowane kubik mita, amma a digiri 20 ba ta iya riƙe fiye da giram 17. Idan a waje ana digiri 24 da danshi kashi 80, abin da ba baƙo ba ne a daminar Ngaundere, duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 20 zai yi raɓa. Baƙo ya shiga ɗaki ya danna na'ura a kan 16 ya ja bargo, bulo ya yi sanyi har bayansa tunda auduga ta raba shi da ɗumin waje, ledar da ke manne da shi ta zama kwalbar lemon. Raɓar ta gangara ta taru a ƙasa. A Garwa abin ya fi haka muni, don iska mai digiri 30 da danshi kashi 70 tana sauke raɓa tun a digiri 24.

Ban ce raɓa ce babbar mai laifi a ɗakinki ba. Ruwan sama da fantsalar ƙasa sun fi ta yawa nesa ba kusa ba. Amma ledar ta yi ɓarna biyu: ta ƙara ruwa, kuma ta toshe hanyar bushewa. Akwai ta uku ma in an lulluɓe bangon da wuri. Sabon bulo da sabon filasta suna ɗauke da ruwan gini da yawa, suna buƙatar watanni kafin su saki. In an rufe musu fuska ta waje da leda, ta cikin ɗaki kawai za su sake shi, wataƙila rabin warin da kike ji daga nan ne. Ki kuma sa a bi bututun da ke zubar da ruwan na'urar. Lita da yawa take fitarwa a yini a damina, kuma sau da yawa sai ka tarar an yanke bututun gajere, yana ɗiga a bayan katako ba wanda ya lura. Haka ma bututun tagulla da ke ratsa bango, in soson da aka naɗe shi da shi ya yage, gumi zai yi ta yi a cikin bango.

To yaya ya kamata a jera sauran ɗakunan? Bulon a yi masa filasta ta waje sosai, a toshe duk wata kafa, a bar shi ya bushe. A kansa a kafa katakan da za su riƙe auduga, a cusa ta tsakaninsu ba tare da an danne ta ba, don iskar da ke maƙale a cikinta ita ce ke tare zafi, in an matse ta an rage mata amfani. A kan audugar a shimfiɗa mayafin nan na gini da ke tare ɗigon ruwa amma yake barin tururi ya ratsa, ana farawa daga ƙasa, na sama yana hawa kan na ƙasa da aƙalla santimita 10. Sannan a buga siraran katakai a tsaye, kaurin santimita 2 zuwa 3, tazarar da ba ta wuce santimita 60 ba. A kansu ne katakon ado zai hau. Wannan ratar dole ta kasance a buɗe ta ƙasa, a buɗe ta sama a ƙarƙashin rufi, don iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, ruwan da ya kutso kuma ya gangara ya zube. Leda kuwa ba ta da gurbi ko'ina a cikin wannan jeri. Ki gaya wa ɗanki ya duba ƙa'idar ginin Faransa mai lamba DTU 41.2, wadda ta shafi lulluɓe bango da katako. A ciki zai ga an wajabta ratar iska ta aƙalla santimita 2, da kuma ɗaga katako santimita 20 daga ƙasa.

Wurin da kafintoci suke yawan ɓata aikin shi ne nan: sai su ga ratar ƙasa ba ta yi kyau ba, su toshe ta da siminti ko su buga mata katako a kwance. Ki hana. Abin da ake sawa ragar ƙarfe ce mai ƙananan ido, wadda ba ta tsatsa, don kada ɓera da ƙadangare da zanzaro su mayar da wurin gida. Idan kuma kina son katakon ado ya tsaya a tsaye maimakon kwance, to masu riƙe shi za su kwanta ke nan, su tare wa ruwa hanya. Sai an yi jeri biyu, na tsaye tukuna sannan na kwance a kansa.

Mayafin da na ambata ba kullum ake samunsa a kasuwar Ngaundere ba, wani lokaci sai an yi saƙo Yawunde ko Duwala. In bai samu ba, kada a ce a maye gurbinsa da leda ko buhun taki. Gara a haƙura da audugar bango baki ɗaya: filasta mai kyau, siraran katakai, rata, katakon ado. Wannan bangon ba abin da zai same shi, kuma kin riga kin ci riba, don katakon yana yi wa bulo inuwa, iskar ratar tana kwashe zafin kafin ya shiga. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Masu jingina zana a bangon ƙasa ta gabas kafin damina abin da suke yi ke nan, kuma ba sa manna ta da bango.

Santimita 20 ɗin nan tsakanin katako da ƙasa na Turawa ne masu magudana a kowane rufi da daɓe kewaye da gida. A nan ni rabin mita nake so in gani, ko fiye. Dutse ba ya wuya a Ngaundere, a yi wa bangon gindi da shi ko da bulo mai filasta, katako ya fara daga sama, bakinsa na ƙasa ya ɗan zarce gindin a yanka shi a karkace yadda ruwa zai ɗiga ya faɗi, kada ya lallaɓa ya koma ciki. Ƙasar da ke kewaye a karkata ta waje, a zuba tsakuwa faɗin mita guda don ta kashe fantsala. Fulawa da ciyawar ado a nisanta su da bango, don mai ba su ruwa safe da yamma bangon yake shayarwa. Bakin rufi ya fito aƙalla santimita 60, in da hali 80, ta gabas kuwa baranda ta fi. Duk wanda ya shiga fadar Lamiɗon Ngaundere ya ga yadda jinkar zaurukan take saukowa ƙasa-ƙasa har ta kusa ɓoye bango, ya ga amsar da magina suka ba wannan ruwan tun ba a san siminti ba. Sama da kowace taga da ƙofa a sa ɗan lanƙwasasshen kwano, bakinsa na sama ya shige bayan mayafi, na ƙasa ya leƙo waje. Dakalin taga kuma a karkata shi, a yi masa tsaga a ƙarƙashi don ruwa ya yanke.

Sai katakon kansa. Farin katakon da ya cika kasuwanninmu yawanci ayus ne, wanda 'yan Najeriya ke kira obece. Daga dazuzzukan gabas yake zuwa, wajen Bertuwa da Belabo, jirgin ƙasa ko manyan motoci su kawo shi Ngaundere, wadda ita ce ƙarshen layin dogo tun 1974, daga nan a wuce da shi Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena. Yana da arha, ba shi da nauyi, kubik mita ɗaya busasshe bai kai kilo 400 ba, ƙusa tana shiga ba gardama, shi ya sa kafintoci ke sonsa. Amma a jerin itatuwa yana cikin waɗanda ba sa jure ruɓa ko kaɗan, gara da ƙwaron katako kuma suna sonsa kamar yadda kafinta ke sonsa. Na silin ne da ƙofar ciki da katakon zuba kankare. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na waje su ne iroko, da bilinga, da jan katakon paduk. Sapeli tsaka-tsaki ne, yana yi in yana ƙarƙashin baranda. Ko a iroko ma ki lura da farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo, don shi ba ya da juriyar tsakiyar icen, kuma masu sayarwa ba za su ware miki shi ba sai kin sa ido. In kuɗi bai kai a yi duka da iroko ba, a yi bangon gabas da layukan ƙasa da shi, sauran a yi da mai sauƙi da aka yi wa magani.

Akwai abin da ya bambanta ƙasarmu da kudu, wanda kafintan da ya koyi aiki a Duwala ba lallai ya saba da shi ba. A can danshi kusan ɗaya ne duk shekara. A nan ruwan da ke cikin katako yana kaiwa kashi 16 ko fiye a damina, hunturu ya zo ya zuƙe shi ya koma kashi 6 ko ƙasa da haka. Wannan hawa da sauka yana sa allo mai faɗin santimita 20 ya ƙaru ko ya ragu da milimita 3 zuwa 5, duk shekara, har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya buga ɗanyen katako da ya sauko daga mota, a watan Fabrairu zai ga haɗin ya buɗe har yatsa na shiga. Wanda kuma ya buga shi a matse a tsakiyar hunturu, a watan Agusta zai ga ya kumbura ya bankare ya ture ƙusa, kamar yadda naki ya yi. Don haka a sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa nesa da ƙasa, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi, a ɗora masa nauyi, ya yi makonni yana shan iskar garin. Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako ta nuna yawan ruwansa, ba ta da tsada, kuma ta fi ƙwanƙwasawa da yatsa. A buga shi yana wajen kashi 11 zuwa 13, wato tsakiyar tafiyarsa. Allon kada ya wuce santimita 12 zuwa 15 a faɗi, don siriri ya fi zama lafiya. Na sama ya hau kan na ƙasa da santimita 3, ƙusa kuma ta bi ta allo ɗaya kawai, kada ta ɗinke biyu wuri guda, in ba haka ba wajen motsi ɗayan zai tsage. A dubi zoben da ke bakin allon, fuskar da ke kallon zuciyar icen ita ce za ta kalli waje, ta haka in ya lanƙwashe gefunansa bango za su nufa. Ƙusa kuwa wadda ba ta tsatsa, in ba kya son jan layi yana gangarowa daga kowane rami.

Shafi kuma kafin a buga ake yi, fuska shida duka, har baya, musamman bakin da zarto ya yanka, don ta nan katako yake shan ruwa ninkin-ba-ninkin fiye da ta gefe. Kafinta ya ajiye gwangwani da buroshi kusa da shi, yana yanka yana shafawa. Na fi son shafin da ke nutsewa cikin katako a kan fentin mai da ke yi masa ɓawo. Ranar Adamawa tana fasa ɓawon, ruwa ya shiga ta tsagar ya maƙale. Mai nutsewa kuwa kodewa kawai yake yi, a wanke a sake shafawa bayan shekara biyu ko uku. Baƙin man mota da ake shafawa don korar gara ban yarda da shi a ɗakin kwana ba. Yana wari in rana ta yi, yana ƙara wa wuta ƙarfi, yana gurɓata ƙasa kusa da rijiya, kuma ba wani shafi da zai sake kama katakon.

Tunda an ambaci gara, ki sani audugar da ta jiƙe a bayan katako mai taɓa ƙasa gayyata ce gare ta. Gindin dutsen da na ce a yi yana da amfani na biyu: gara ba ta son haske, dole ta gina hanyarta ta laka a fili kafin ta kai katako, ke kuma ki gani ki kankare ki bi ta har gidanta. Duk guntayen katakon da suka rage a kwashe, kada a binne su a gindin gini. Wannan ne ma ya sa nake ɗari-ɗari da farin soson nan mai allo-allo, irin wanda ake kare talabijin da shi a kwali. Yana tare zafi daidai da auduga kuma ba ya shan ruwa sosai, amma gara tana fafe shi ta yi hanya a ɓoye, kuma in ya kama wuta hayaƙinsa guba ne. Ratar iska ma kanta tana jan wuta sama in gobara ta tashi, don haka bangon kicin a bar shi da bulo tsirara, wayar lantarki kuma ta bi ta cikin bututu.

Bari in faɗi abin da mai sayar da auduga ba zai so ba. Gaskiya ne santimita 5 nata yana tare zafi fiye da allon santimita 2 sau bakwai ko fiye. Amma a ɗaki mai hawa ɗaya a ƙasarmu, rana a tsakar ka take, kwano yana iya wuce digiri 60 da azahar, kuma yawancin zafin ta sama yake saukowa. Sanyin hunturun Ngaundere ma, da asubar Disamba da Janairu kan sauko kusa da digiri 10, ta rufi ɗumin ɗaki yake gudu. Audugar da za ki raba wa bango huɗu, in kika shimfiɗa ta santimita 10 a kan silin, kika buɗe wa saman silin kafofin iska masu raga a gefe biyu, za ki ji bambanci a jiki da kuma a takardar kuɗin wuta fiye da yadda bango zai ba ki. Bayan silin sai bangon yamma, mai shan ranar la'asar. Na kudu da na arewa bakin rufi ya ishe su. Masu karatu daga Garwa da Marwa da Njamena, inda ruwa bai kai na nan ba amma bazara ke wuce digiri 40, ku ruɓa ba ita ce babbar damuwarku ba, tsagewa ce da gara. Bango mai kauri na tubali ko jan bulo shi ne naku, katako in za a sa to don inuwa kawai.

Ɗakin da ya riga ya lalace kuma, kada a rufe baƙin da sabon fenti. A jira ruwa ya ɗauke a Nuwamba, a cire layuka uku ko huɗu na ƙasa a leƙa. A sami sukundireba a riƙa soka wa kowane allo ta baya. Ayus yana yin wani baƙi-baƙi mai shuɗi wanda launi ne kawai bai taɓa ƙarfinsa ba, in ƙarfen ya ƙi shiga, wannan allon zai moru, a kankare shi a yi masa magani. In kuwa ya nutse kamar a cikin dafaffen rogo, ko katakon yana ɓarɓashi, a ƙone shi, har da maƙwabcinsa a duba da kyau. Audugar da ta yi baƙi ko ta dunƙule a zubar, mai cire ta ya sa safar hannu da takunkumi don tana ƙaiƙayi kuma ba a son shaƙar ta. Ledar a yaye ta duka, wanda ke nufin a ƙarshe sai an sauke katakon gaba ɗaya, don haka a sa wa kowane allo lamba ta baya da alli kafin a cire. A bar bulon tsirara ya sha iskar hunturu wata guda ko biyu, tagogi a buɗe. In fentin cikin ɗakin na mai ne mai ƙyalli, a kankare a mayar da na ruwa, don bangon ya sami damar bushewa ta ciki ma. Na'urar kuma a daidaita ta a kan 24 ko 25, a rubuta a manna kusa da ita saboda baƙi.

Kafin kafinta ya fara sauran ukun, ki sa ya haɗa miki gwaji na mita ɗaya a kusurwar bangon gabas, da gindinsa da ragarsa da ratarsa. Ki sa yaro ya watsa masa ruwa da tiyo daga sama na 'yan mintuna, ke kuma ki tsuguna ki ga ko ruwan yana fitowa ta ƙasan ratar. In ya fito, a ci gaba da aiki. In bai fito ba, a kwance a nemo inda ya tsaya.